Shekara Goma Bayan Digiri: Inda 'Yan Ajinmu Suka Kwana

Bana shekararmu goma da fita daga sashen injiniyan gine-gine. Da aka ce a tattara labarin kowa, abu ɗaya aka roƙa: kada a turo hoton mota ko na ofis, kowa ya faɗi aikin da yake yi, da inda ya yi tuntuɓe, da abin da ya jawo tuntuɓen. Wasu layi biyu suka rubuto. Wasu kuwa sai da aka raba dare ana waya da su. Sun amince a rubuta, bisa sharaɗin a sakaya sunayensu da na wuraren da suka yi aiki.

Wanda yake zama a layin baya, wanda sau biyu yana maimaita kwas ɗin ƙarfin kayan gini, shi ne yau ya fi mu duka sanin kankare. Tun da muka fita bai taɓa zaman ofis ba. A shekararsa ta huɗu yana kula da wani bene mai hawa uku, aka zuba dekin hawa na biyu. Zanen ya nemi kankare mai ƙarfin 25, wato niyuton 25 a kan kowane murabba'in milimita. Ya ɗebi samfuri a 'yan akwatunan ƙarfe masu milimita 150 ta kowane gefe, washegari ya kwance su ya tsoma a ruwa. Ranar kwana bakwai aka murƙushe uku a ɗakin gwaji. Kowa a cikinmu ya san kankare yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana bakwai, don haka 16 ko 17 yake jiran ya gani. Sai takarda ta dawo da 11.

Ya koma ya bi ranar zubin awa bayan awa, ya gano ruwa ne. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma a haɗin da aka ba shi lita 25 na ruwa ya kamata buhu ya sha, har da danshin da ke cikin yashi. To an kwana ana ruwan sama, yashin ya jiƙe sharkaf, ba wanda ya rage ko lita ɗaya saboda haka. Da rana ta take kuma na'urar girgiza kankare ta tsaya, leburori suka ga kwaɓin ba ya ratsa tsakanin rodi, suka riƙa ƙara bokiti don ya gudu da kansa. Tun 1918 masanin kankare ɗan Amurka Duff Abrams ya nuna cewa gwargwadon yawan ruwa a kan siminti, gwargwadon raguwar ƙarfi. Duk mun rubuta wannan a jarrabawa. Abokin namu ya yi gwajin zubewar kwaɓi da safe, da mazurarin nan mai tsawon milimita 300 da ake cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sanda sau 25. Gwajin safe ya yi daidai. Bayan nan bai sake yi ba, kuma wannan laifin bai ɗora wa kowa ba, ya ce nasa ne.

Mai kamfanin ya so a cire katakan tokara a kwana na goma don a kai su wani aikin, ya kuma so a sa hannu cewa dekin ya yi. Abokin namu ya ƙi. Ya rubuta a littafin aikin yau da kullum cewa tokara za ta zauna har a ga sakamakon kwana 28, ya aika wa injiniyan sa ido kwafi. Kwana 28 ya ba da 17. Aka huda dekin aka ciro samfuri daga jikinsa, shi ma ya tabbatar. Aka fasa ɓangaren da aka zuba da rana, aka sake. Ba a yi wata ba aka sallame shi, ya yi kusan shekara yana zaune. Wannan injiniyan sa idon da ya karɓi kwafin shi ne ya neme shi daga baya, da wani babban aiki ya taso. Yau ba ya yarda a fara zubi sai ya ga na'urar girgiza biyu a wurin, da bokitin ruwa guda mai alama wanda mutum ɗaya kaɗai ke taɓawa. Yana gwajin zubewa da safe, da bayan hutu, da duk lokacin da idonsa bai gamsu ba. Yana bin ƙarƙashin rodi da kansa ya tabbatar an sa 'yan tubalan da magina ke kira biskit, don kankare ya rufe ƙarfe da milimita 25 a deki, 50 a harsashi. Bayan zubi kuma a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Ya yi aure, 'ya'yansa uku, har yanzu a gidan haya yake.

Shugaban ajinmu, wanda ba a taɓa kayar da shi a muhawara ba, ya buɗe kamfaninsa a shekara ta biyar. Labarinsa ya fi na kowa zafi a wurina, domin aikinsa mai kyau ne, kwalbatocin da ya gina suna nan daram. Takarda ce ta kayar da shi. Ya sami kwangilar magudanar ruwa da kwalbatoci, aka rubuta yarjejeniyar bisa tsarin FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, bugun 1999 da ake kira Jan Littafi. Ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, don a ganinsa duk kwangila ɗaya ce. Ana cikin haƙa aka ci karo da dutse inda binciken ƙasa bai nuna ba. Wakilin mai aiki ya zo ya gani, ya ce masa da baki: "Injiniya, ci gaba kawai, za a daidaita." Ya yi hayar injin fasa dutse na mako shida da kuɗin aljihunsa da na bashi. Da aiki ya yi nisa ya kai takardar neman ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci, sai aka buɗe masa sashe na 20.1. Sashen ya ce ɗan kwangila ya sanar a rubuce cikin kwana 28 daga ranar da ya san da matsalar, in ya wuce haka ba shi da haƙƙin ƙarin kuɗi ko na lokaci, sannan ya kawo cikakken bayani cikin kwana 42. Shi ya kai tasa bayan wata huɗu. Wakilin da ya yi masa alkawari an riga an canja masa wurin aiki.

Abin takaicin shi ne littafin ya ba shi mafita tun ranar farko. Sashe na 3.3 ya ce idan injiniyan da ke wakiltar mai aiki ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila ya tabbatar da shi a rubuce cikin kwanakin aiki biyu, idan kuma ba a musanta ba cikin wasu kwana biyun, takardar ta zama umarni. Shafi ɗaya ya ishe shi. Sauran ramukan da ya faɗa duk sanannu ne. Yarjejeniyar ba ta da tanadin daidaita farashi in kaya sun tashi, siminti da rodi kuwa suka tashi a tsakiyar aiki. Kuɗin kafin alƙalami da aka ba shi ya ɗauke su kamar riba, ya sayi motar ɗaukar kaya, ya manta cewa za a riƙa zare su daga kowane biya. Ya kuma manta da kuɗin riƙo da mai aiki ke cirewa ya ajiye daga kowane biya, wanda a tasa yarjejeniyar kashi 5 cikin ɗari ne: rabi ake saki ranar miƙa aiki, rabi sai bayan shekara guda ta gyaran kurakurai. Ya sayar da motar, ya sallami ma'aikata, ya yi shekara uku yana biyan bashi. Yanzu yana aiki a sashen kwangiloli na wani babban kamfani, aikinsa ke nan rubuta irin takardun da bai rubuta ba a lokacin. Ya ce duk wanda zai sa hannu a kwangila a cikinmu ya turo masa tukuna, ba zai karɓi ko kwabo ba, kuma mutum huɗu sun riga sun turo.

Wadda ta fi kowa maki a ajinmu kowa ya ɗauka kai tsaye za ta wuce karatu waje. Sai da ta nema sau uku. Karo na farko ta nemi tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ake bayarwa tun 1983 don digiri na biyu na shekara ɗaya. Ba ta cika sharaɗin ƙwarewar aiki ba, wato awa 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, tun a matakin farko aka ajiye takardunta. Karo na biyu ta kai har ganawar baki, ta ci, amma sai an ga takardar gurbin karatu marar sharaɗi daga ɗaya cikin kwasa-kwasai uku da ta zaɓa. Jami'ar ta nemi cikakken sakamakonta na kowane zango daga makarantar da ta gama, wannan ya ɗauki watanni. Kafin ya iso, sakamakon jarrabawarta ta Turanci, IELTS, ya cika shekara biyu, wanda shi ne iyakar wa'adinsa. Ta sake zama a gurguje, ɓangaren rubutu ya gaza makin da ake nema da rabin maki, wa'adi ya wuce. Karo na uku ta fara da abin da ya fi jinkiri: ta nemi sakamakon shekara guda kafin buƙata, ta lissafa ranar jarrabawar Turanci ta yadda wa'adinta zai kai har ranar shiga aji, ta sanar da mutum biyu da za su rubuta mata shaida tun da wuri. Ta karanta fannin ƙasa da harsashin gini, ta dawo kamar yadda tallafin ya shar'anta a koma gida aƙalla shekara biyu. Tana koyarwa, tana digirin digirgir, da goyon 'yarta ta biyu take shiga ɗakin gwaji.

Mutum biyu sun shiga banki, ɗaya ya kai manajan reshe. Ɗaya yana rubuta manhaja, ya ce rabonsa da zanen gini tun aikin kammala digiri. Wata ta koma kasuwancin kayan gini tare da mijinta. Duk sun ce lafiya lau, ba su ƙara komai ba.

Mai shirun ajin, wanda da ƙyar ake jin muryarsa, ya zama mai haƙar rijiyar burtsatse, kuma da aka taɓo maganar ruwa sai da ya yi awa guda yana bayani. Rijiyoyinsa biyar na farko, biyu sun mutu cikin shekara. Ta farko ya haƙa ne inda mai gida ya nuna da yatsa, ba tare da gwajin lantarki da ake yi don gano inda ƙasa ke riƙe da ruwa ba. An sami ɗan ruwa da damina, rani na shigowa ya ƙafe. Ta biyu ta fi ba shi darasi, domin ruwa akwai. Mai rijiyar ya sayo famfo babba don tanki ya cika da wuri. Famfon yana ja fiye da abin da ƙasa ke bayarwa, ruwa ya riƙa sauka har ƙasa da bakin famfo, injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Jan ƙarfin kuma ya riƙa tsotso yashi, domin tsakuwar da aka zuba a bayan bututu mai tsaga, wanda ruwa ke shiga ta cikinsa, ba a tankaɗe ta ba, kuma ba a wanke rijiyar da iska har ruwa ya washe ba.

Yanzu ga yadda yake yi. Gwajin ƙasa tukuna, kuma ya tabbatar akwai aƙalla mita 30 tsakanin wurin da masai ko ramin ƙazanta. Yayin haƙa yana ɗibar ƙasar da ke fitowa kowane mita biyu ko uku ya jera ya rubuta, da wannan jerin yake sanin inda zai sa bututu mai tsaga da inda zai sa rufaffe. Sai tsakuwa mai tsabta wadda ƙwayarta ta fi tsagar girma, sai a toshe mitocin sama da siminti don ruwan datti kada ya gangara ta gefen bututu. Bayan wanki sai gwajin ja na awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwa ke sauka da yadda yake dawowa in an kashe. Da wannan lissafin ake zaɓen famfo, a ɗauki wanda jansa bai kai abin da gwajin ya nuna ba, a rataye shi sama da bututu mai tsaga. Ƙarshe a zuba sinadarin kulorin, a kai ruwan ɗakin gwaji. Ya ce masu aiki da yawa sun gudu daga wurinsa saboda gwajin awa 24 yana cin mai, suka tafi wurin wanda zai gama cikin kwana biyu. Da dama cikinsu shi suke kira idan famfo ya ƙone. Kowace rijiya da ya haƙa tana da fayil: zurfi, jerin ƙasa, sakamakon gwaji, irin famfo.

Maganar fayil ta tono wani ciwo da ya shafi kusan rabin ajin, wato rajista da hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi. Kowace irin wannan hukuma tana son ganin shekarun ƙwarewa a ƙarƙashin injiniya mai rajista, da rahoton ayyukan da mutum ya yi, da sa hannun wanda ya kula da shi. Ɗaya daga cikin matan ajinmu ta yi shekara huɗu tana zanen ƙarfen gini a wani ƙaramin ofis, ta tsaya renon 'ya'ya shekara uku. Da ta dawo neman rajista, ofishin ya rufe, maigidan da zai sa mata hannu ya rasu, kwamfutar da zanukan ke ciki ba a san inda take ba. Shekara huɗu na aiki na gaske suka tafi ba shaida. Sai da ta sake tara wasu daga farko. Abin da take faɗa wa duk yaron da ya zo koyon aiki wurinta shi ne: duk aikin da ka gama, ka rubuta shafi ɗaya, sunan aikin, rawar da ka taka, lissafin da ka yi, ka kai a sa hannu a watan, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Bara ta sami lasisinta.

Mun rasa mutum ɗaya, Allah ya jiƙansa da rahama. Yana kula da shimfiɗa bututun ruwa ne, ramin ya kai zurfin mita biyu da rabi, ba a tokare gefunansa ba, ba a kuma kwantar da su ba. An tara ƙasar da aka haƙo dab da baki, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Ya sauka duba haɗin bututu, gefe ɗaya ya zafto. Ƙa'idar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta gindaya, wadda kamfanoni da yawa a duniya ke koyi da ita, ita ce ramin da ya kai ƙafa biyar, kimanin mita ɗaya da rabi, sai an tokare shi ko an kwantar da gefensa, ƙasar da aka haƙo kuma a janye ta aƙalla ƙafa biyu daga baki. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya takan kai tan ɗaya da rabi. Ko iya ƙirji ta rufe mutum, numfashi ya gagara. Leburorin sun tono shi da hannu, amma rai ya yi halinsa. Bayan rasuwar wata wahalar ta biyo: takardar magajin da ya cike ranar da aka ɗauke shi aiki tun yana saurayi ce, bai sabunta ta ba bayan aure. Matarsa da 'ya'ya biyu sun fi shekara suna zirga-zirga kafin haƙƙinsa ya fito. Shugaban ajinmu ne ya rubuta mata duk takardun. A makon da muka ji wannan, da yawa cikinmu suka je ofisoshinsu suka duba abin da suka cike shekara tara da suka wuce.

Akwai wanda ya yi shekara shida ba ya amsa kiran kowa. Da aka same shi ya ce kunya ce. Bai sami aikin injiniya ba, yana koyar da lissafi a sakandare, yana ganin kamar ya ba da ajin. Wanda ya kira shi ya ce masa: "Haba mutumina, wa ya gaya maka muna awo?" Ɗalibansa uku suna karatun injiniya yanzu. Ya koyi manhajar zane ta AutoCAD da dare, yana fitar wa 'yan ajinmu biyu jadawalin lanƙwasa rodi, ana biyansa.

Na ƙarshe shi ne ɗan ƙwallon ajinmu, wanda ya fi kowa ƙoshin lafiya a ido. A shekara ta shida aka auna jininsa a wurin ɗaukar aiki, aka ga ya haura 140 bisa 90 da nisa. Aka ba shi magani, ya sha wata biyu, ya ji ba abin da ke damunsa, ya ajiye. Hawan jini yakan yi shekaru yana ɓarna ba tare da ciwon kai ko jiri ba, kuma ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a ƙoda suna cikin abin da yake lalatawa. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, ƙodar ta riga ta tafi. Yanzu wankin ƙoda yake yi sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. An yi masa aikin haɗa jijiya a hannun hagu, ba a auna jini ko ɗaura agogo a hannun. Ruwan da zai sha a rana ma a aune yake. Ya roƙi a rubuta cewa kowa ya auna jininsa, wanda aka ɗora a kan magani kada ya tsaya don ya ji sauƙi, a kuma riƙa gwajin fitsari da na ƙoda sau ɗaya a shekara. Ƙaninsa ya yarda zai ba shi ƙoda, ana kan gwaje-gwajen dacewa.

Da aka zo maganar haɗa masa gudunmawa, ya karɓa ya yi godiya, sannan ya ce akwai abin da ya fi so. Ba ya iya tsayuwar rana a bakin aiki, amma kansa da hannunsa na dama lafiya suke. Ranakun Talata, Alhamis da Asabar ba ya asibiti. Duk mai lissafin bim ko ginshiƙi ko harsashi da ke son a duba masa kafin ya miƙa, ya turo masa zanen da sakamakon gwajin ƙasa, zai dawo da shi cikin kwana uku. Mai rijiyoyin nan ya riga ya tura masa zanen hasumiyar tanki guda biyu.